Rabon Lokaci da Kayan Aiki a Cikin Kwamfuta: Darasi Daga Bakin Tafkin Kainji



An nemi in yi bayani a kan yadda kwamfuta take tafiyar da ayyukanta, musamman yadda take raba lokacinta da kayan aikinta tsakanin ayyuka masu yawa waɗanda kowannensu yake so a fara da shi. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zance ne na ƙwararru, ina ruwan mutumin Yawuri, ko na Ngaski, ko na Shanga da shi? To, a ganina da wuya a sami jama'ar da ta riga mutanen bakin wannan kogi sanin matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigin Zamare ran kasuwa yana jiran jirgin fito zuwa Rofiya, ya san jirgi ɗaya ne, masu son hayewa kuwa da yawa, kuma dole a sami wanda zai ce wane ya shiga, wane ya dakata. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, ita ma kwamfuta tana da irin wannan mai hukunci a cikinta, kuma babu wata ƙa'idar rabo da zai bi wadda ba ta fifita wani a kan wani ba. Gwanintar ita ce a san wanda aka fifita, da dalili, da kuma ranar da za a waiwayi wanda aka bari a baya.

Bari mu fara da shekarar 1969. A watan Fabrairu na wannan shekara Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar ruwa ta Kainji. A watan Yuli kumbon Apollo 11 ya sauki mutum a kan wata. A cikin shekarar ce kuma wani masani a Amurka mai suna Ken Thompson, tare da abokin aikinsa Dennis Ritchie, suka soma rubuta babbar manhajar nan da ake kira Unix, wadda a kan tsarinta aka gina yawancin manhajojin da suke cikin wayoyinmu a yau. A ido waɗannan abubuwa uku ba su da dangantaka. Amma tambaya guda ce kowannensu ya fuskanta, watau yadda za a raba abu ƙididdigagge tsakanin masu bukata da suka fi ƙarfinsa.

Kafin mu shiga maganar rabo, ya kamata mu san abin da ake nufi da manhaja. Manhaja umarni ne a rubuce, daki-daki, wanda kwamfuta take bi ba tare da ta ƙara ko ta rage ba. Alal misali, a ce malamin kasuwa a Yelwa zai koya wa sabon yaro karɓar harajin albasa. Zai ce masa: ɗora buhu a sikeli, duba nauyinsa, rubuta a littafi. Wannan shi ne jeri, abu na bin abu. Sa'an nan ya ce: in nauyin ya kai kaza karɓi kaza, in bai kai ba karɓi rabinsa. Wannan shi ne zaɓi. Daga ƙarshe ya ce: yi ta yin haka har buhunan su ƙare. Wannan kuwa maimaici. Akwai kuma gurbin da yaron yake rubuta jimlar kuɗi, yana sharewa yana sake rubutawa. Masu rubuta manhaja sukan ba irin wannan gurbi suna, su riƙa kiransa da sunansa. A 1966 wasu masana biyu 'yan Italiya, Böhm da Jacopini, suka tabbatar da cewa duk wani lissafi da kwamfuta za ta iya yi ana iya gina shi da waɗannan tubala uku kurum. Ɗalibin da ya riƙe su da kyau, sauran aikinsa koyon harshe ne.

Ku lura da abu guda a cikin umarnin malamin kasuwa, don za mu dawo gare shi. Da ya manta bai ce "har buhunan su ƙare" ba, yaro mai hankali zai daina da kansa. Kwamfuta ba za ta daina ba. Za ta yi ta juyi a wuri guda har a kashe ta.

Manhaja tana kwance a rumbun ajiya kamar takarda a cikin fayil, ba ta cin kome. Sai an buɗe ta ta soma gudana sa'an nan ta zama aiki mai rai, mai bukatar abubuwa: lokacin cibiyar lissafi, wadda ita ce take aiwatar da umarni ɗaya bayan ɗaya, da wuri a ma'adanar wucin gadi inda za ta baza kayanta, da hanyar zuwa allo, da injin buga takarda, da intanet. Wayoyin zamanin nan suna da cibiyoyin lissafi huɗu ko takwas, amma ayyukan da suke raye a cikinsu sukan kai ɗaruruwa. Mai tsayawa tsakaninsu ita ce babbar manhaja, irin su Windows, da Linux, da Android. Ita ce sarkin jirgi.

Da can ba haka abin yake ba. A shekarun 1950 da farkon 1960, har da lokacin da kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Jami'ar Ibadan a 1963, mutum yakan huda manhajarsa a kan katuttuka, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin na'ura, ya tafi gida. A jera ayyuka, a yi na farko har ya ƙare, kana a ɗauki na biyu. Wanda ya yi kuskuren harafi guda sai gobe ko jibi ya sani. A 1961 ne Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka gwada wata dabara, watau na'ura ta riƙa ba kowane mutum ɗan guntun lokaci, tana kewayawa da sauri, har kowa ya zaci shi kaɗai take yi wa aiki. Daga nan tambayar da za ta ci yawancin lokacinmu ta taso: wa za a fara ba, kuma har tsawon wane lokaci?

Mu je wurin mai injin niƙa. Mutum uku sun iso kusan tare. Na farko ɗan kasuwa ne da buhun masara wanda zai ci minti 60. Ta biyu mace ce da kwaryar gero ta minti 10. Ta uku yarinya ce da ɗan kwanon barkono na minti 2. In mai inji ya ce wanda ya riga zuwa shi ne kan gaba, ɗan kasuwa bai jira kome ba, mai gero ta jira minti 60, yarinya ta jira 70. Jimlar jira minti 130 ke nan. Amma in ya ce a fara da ƙaramin aiki, yarinya ba ta jira ba, mai gero ta jira minti 2, ɗan kasuwa ya jira 12, jimla minti 14 kacal. Inji bai ƙara gudu ba, mai bai ragu ba, tsarin layi kaɗai aka sāke, amma wahalar jama'a ta ragu kusan ninki tara. Masana lissafi sun tabbatar da cewa in ana neman rage matsakaicin jira, ba ƙa'idar da ta fi fara sallamar gajeren aiki.

To, me ya hana kowa ya bi ta? Abu biyu. Na farko, mai inji yana ganin girman buhu da idonsa, babbar manhaja kuwa ba ta san tsawon aiki ba sai ya ƙare. Iyakarta ta yi kirdado da halin da aikin ya nuna a baya. Na biyu ya fi muni. In yara masu kwanon barkono suka yi ta zuwa ba yankewa, ɗan kasuwa zai wuni bisa buhunsa har magariba. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ce ba za a yi masa ba, kullum dai ana ce masa saura kaɗan. Masana kwamfuta suna kiran wannan hali yunwa, kuma sunan ya dace.

Sai aka koma ga zagaye: kowa a ba shi ɗan lokaci daidai wa daida, in bai gama ba ya koma ƙarshen layi. A nan ne maganar yaron malamin kasuwa ta dawo. A cikin kwamfuta akwai agogo mai buga ƙararrawa sau ɗaruruwa a sakan guda, kuma duk bugu sai an katse aikin da yake gudana an mai da iko hannun babbar manhaja. Saboda haka ko aiki ya faɗa juyi marar iyaka, ba zai riƙe cibiyar lissafi ba. Waɗanda suka yi aiki da Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, za su tuna cewa a cikinta sai aiki ya ga dama yake sakin cibiyar, don haka manhaja guda in ta cije sai na'ura duka ta sandare. An dogara ga kirkin mai riƙe da abu, shi kuwa kirki ba tsari ba ne.

Amma zagaye ma yana da kuɗinsa. Mai injin da ya tsai da barkono zai zuba gero, sai ya wanke inji tukuna. Haka ita ma babbar manhaja, kafin ta sauke aiki ta ɗora wani, sai ta rubuta daidai inda na farko ya tsaya, ta ɗauko bayanin na biyu. In rabon ya yi gajarta ƙwarai, lokaci ya ƙare a wanke inji. In ya yi tsawo, an koma gidan jiya. Don haka akan tsai da shi a 'yan kaso kaɗan cikin dubu na sakan.

Abin da Corbató ya yi, wanda har yau ana binsa ta fuskoki dabam-dabam, shi ne ya kafa layuka hawa-hawa. Sabon aiki ya shiga layin sama. In ya gama da wuri, ko ya tsaya yana jiran mutum ya danna maɓalli, ya zauna a nan. In ya cinye rabonsa bai gama ba, a saukar da shi layin ƙasa, inda ake ba da rabo mai tsawo amma ba a kai a kai ba. Magadansa suka ƙara wani sharaɗi na maganin yunwa: aikin da ya daɗe yana jira, darajarsa ta riƙa hawa da tsawon jiransa, har ta kai inda ba mai iya tsallake shi.

Ina roƙon 'yan'uwana ma'aikata su tsaya a kan wannan sharaɗi. Kowane tebur a ofis layi ne, kowane fayil aiki ne mai jira. Fayil mai jan tambarin gaggawa yakan hau sama, mai sauƙi yakan fita da wuri don a rage tsibi, shi kuwa fayil ɗin fanshon tsoho, mai kauri, marar mai bi, yana ƙasa yana shan ƙura. Ba mugunta ta kawo haka ba, ƙa'idar ce ba ta san tsufan fayil ba. Abin bai tsaya a ofis ba. Sa'ad da tafkin Kainji ya cika a 1968, an ta da mutane kimanin dubu 44 daga gidajensu da gonakinsu, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai, tsohon garin Bussa kuma ya nutse. Wutar ta tafi Legas da Kaduna, daga baya har Yamai. Dokar kafa hukumar raya yankunan da ake samar da wutar ruwa, wadda aka sani da HYPPADEC, sai a 2010 aka sa mata hannu, hukumar kuma ba ta kama aiki ba sai bayan kimanin shekara goma. Injiniyan da ya rubuta babbar manhaja mai barin aiki a layi haka, da takwarorinsa ba su karɓi aikinsa ba.

Kada a ɗauka ina cewa fifiko laifi ne. Akwai ranar da shi ne ceto. Ran 20 ga Yuli 1969, kumbon Apollo 11 yana gangarawa zuwa doron wata, kwamfutarsa ta soma kukan gargaɗi mai lamba 1202. Wata na'urar hange da ba a bukatarta a wannan mataki tana ta satar lokacin cibiyar lissafi, har aiki ya fi ƙarfinta. Da tsarin bin layi ne kurum, da lissafin sarrafa injin sauka ya tsaya bayan ayyukan da ba su da muhimmanci. Amma Hal Laning ya gina tsarin bisa daraja, ƙungiyar su Margaret Hamilton kuma ta tanadi yadda na'ura za ta farfaɗo in ta shaƙe. Sai ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi, aka sauka lafiya. An riga an zauna tun a ƙasa, cikin natsuwa, an yanke abin da za a sadaukar in rana ta ɓaci.

Yanzu sai mu juya ga kayan da ba su rabuwa. A ce akawu biyu suna aiki da littafin kuɗi guda, jimla tana naira dubu goma. Na farko ya duba ya ga dubu goma, ya tafi ƙara dubu biyar a takardarsa. Kafin ya dawo, na biyu ya duba, shi ma ya ga dubu goma, ya ƙara dubu uku ya rubuta dubu goma sha uku. Na farko ya dawo ya shafe, ya rubuta dubu goma sha biyar. Dubu uku sun ɓace, ba ɓarawo. Irin wannan kuskure ya fi kowane wuyar kamawa a manhaja, domin sau dubu ana gwadawa ba ya aukuwa, sai ranar da katsewa ta faɗo a daidai wannan gaɓa. Maganinsa, wanda Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ya tsara a shekarun 1960, shi ne mabuɗi: mai son taɓa littafi ya karɓi mabuɗi, saura su jira har ya mayar.

Mabuɗi kuwa ya zo da nasa ciwon. Masunta biyu suna tarayya a jirgi guda da taru guda. Wannan ya riga ya kama jirgi yana jiran taru, wancan ya riga ya ɗauki taru yana jiran jirgi, kowa ya rantse ba zai saki nasa ba. Kifi yana ruwa, su suna tudu. Wannan shi ne cijewa. A 1971 Coffman da abokansa suka nuna ba ta aukuwa sai sharuɗɗa huɗu sun haɗu: abin ba ya rabuwa, mai riƙe da ɗaya yana neman wani, ba a ƙwacewa da ƙarfi, kuma jiran ya zama da'ira. A karya ɗaya, an tsira. Mafi sauƙi shi ne Sarkin Ruwa ya kafa doka cewa ba mai taɓa taru sai ya riga ya sami jirgi. Da wannan doka da'ira ba ta ƙulluwa.

Akwai wani labari da na san ma'aikata za su gane shi tun kafin in ƙare. A watan Yuli 1997 na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana tashi. Da aka bincika, sai aka tarar wani ƙaramin aiki ne ya karɓi mabuɗi, babban aiki yana jiransa, matsakaitan ayyuka kuwa, da yake sun fi ƙaramin daraja, sun hana shi sukunin gamawa ya mayar. Kamar a ce mabuɗin ɗakin fayil yana aljihun masinja, Babban Sakatare yana jira, amma kowane jami'i ya gamu da masinjan a hanya sai ya aike shi sayen goro. Daga nan duniya aka aika da gyara: muddin masinja yana riƙe da abin da Babban Sakatare yake jira, to, a ara masa darajar Babban Sakatare har ya mayar.

Saura ma'adana, kuma a nan tafkin da yake gabanmu ya fi kowane littafi bayani. Kogin Kwara yana kawo ambaliya biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, daga ruwan saman yankinmu. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya iso mana da rani bayan lakarsa ta kwanta. Ruwa yana zuwa lokacin da ya ga dama, masu bukatar wuta kuwa kullum suna so. An tanadi gurbin injuna 12 a madatsar, waɗanda aka kafa zuwa ƙarshen shekarun 1970 guda 8 ne, masu ƙarfin megawat 760, kuma ba su iya shanye ambaliya a ranar da ta zo. Aikin tafki shi ne ya tsaya tsakanin mai kawowa da mai sha, ya tara in an yi yawa, ya saki in an yi ƙaranci. Haka babbar manhaja take keɓe wani sashe na ma'adana tsakanin intanet mai zuwa guntu-guntu da hoton da kake kallo wanda bai kamata ya tsaya ba.

Amma tafki yana da baki, ma'adana ma haka. In ayyuka suka yi mata yawa, babbar manhaja takan kwashe kayan wanda ba ya motsi ta kai rumbun ajiya, ta dawo da su in an nema. Dabara ce mai kyau har zuwa wani haddi. Peter Denning ya nuna a 1968 cewa in aka wuce wannan haddi, aiki ba ya raguwa sannu-sannu, rushewa yake yi gaba ɗaya, domin na'ura ta koma ba abin da take yi sai kai kaya da ɗauko kaya. A wannan hali ba tsarin layin da zai yi amfani. Magani guda ne, a rage waɗanda aka shigar, a hana sababbi shiga. Shi ya sa wayar Android mai ƙaramar ma'adana take rufe manhajar da ka bari a baya ba ta tambaye ka ba. Mu a nan mun san nauyin wannan magana fiye da masu rubuta littattafan kwamfuta. A watan Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Cewa "jirgi ya cika" a gaban mai roƙo, ga kuɗinsa a hannu, ga rana tana faɗuwa, shi ne hukunci mafi wuya a bakin mashigi, kuma na'ura ta fi mu iya yanke shi don kawai ba ta jin kunyar kowa.

Kada ɗalibai su zaci an gama wannan bincike. Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991, ta sāke tsarin rabon lokacinta a 2007, ta kawo wanda yake ƙididdige abin da kowane aiki ya ci, ya miƙa cibiyar ga wanda ya fi kowa ƙarancin samu. Bayan shekara 16, a 2023, aka sauke shi aka ɗora wani, wanda yake duba har da wa'adin da ya kamata a sallami kowane aiki. Ga wanda yake so ya gwada hannunsa, lissafin injin niƙan nan bai fi layi talatin ba a harshen Python, kuma ana iya rubuta shi ko a waya. Ku sa yaro mai kwanon barkono ya riƙa isowa duk bayan minti biyu, ku bi ƙa'idar gajeren aiki, ku ga ko ɗan kasuwa zai niƙa masararsa. Sa'an nan ku ƙara masa daraja ɗaya a kan kowane minti biyar na jira, ku duba ƙarfe nawa zai koma gida.

Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.